Wa Ke Yi Wa Lauya Shari'a?

Mutumin Bengu da rikicin gona ya taso masa ya san inda zai fara. Zai je wurin dattawan unguwa. In sun kasa, sai wurin mai gari, sai wurin sarki. Yawancin rigingimu a nan suke mutuwa, kuma haka ya fi. Amma akwai rigimar da takan ƙi mutuwa. Ita ce mai kai mutum Gaya gaban alƙalin gwamnati, wani lokaci har Dosso, har Yamai. Haka ma ɗan kasuwar da aka riƙe wa kaya a Kamba, ko direban da ya yi haɗari a Malanbil. Sai ka ga mutum tsaye a kotu, ana magana da Faransanci ko Ingilishi, takardu na ta yawo bisa tebur, shi kuwa bai san gabas ba bai san yamma ba. A nan ne akan ce masa: "Malam, nemi lauya." Mutanenmu na Nijar kan ce aboka. Duk abu ɗaya ne, wato wanda ya karanci doka aka ba shi izinin tsaya wa wani a gaban shari'a.

To, ka sayar da sa, ko gishirin da iyalinka suka dafa rani guda a Fogha, ka biya shi. Idan ya tsaya maka tsakani da Allah, madalla. Idan fa ya ci kuɗin bai zo kotu ba? Idan an biya ka diyya ta hannunsa ya danne? Idan ya kewaya ta baya ya haɗa baki da abokin shari'arka? Wa za ka kai wa kuka?

Mutane da yawa sun ɗauka babu. Suna cewa wanda ya san doka ciki da bai, ai doka ba ta kama shi. Wannan zato ba daidai ba ne. Akwai masu yi wa lauya shari'a, akwai kuma hukuncin da ake yanke masa. Sai dai ba rana ɗaya abin ya samu ba. Ga yadda aka yi.

Wakili a gaban alƙali

Tun kafin Turawa su zo, ba kowa ke tsayawa da kansa gaban alƙali ba. Tsoho, ko mara lafiya, ko matar kulle, ko falken da ke kan hanyar Gwanja, kowannensu na iya sa wani ya tsaya masa. Sunan wannan mutum wakili. Ba sana'a ba ce mai makaranta da takardar shaida. Ɗan'uwa ne, ko maƙwabci mai baki, ko almajirin da ya san littafi.

Littattafan fiƙihu da alƙalan ƙasar Hausa ke aiki da su sun yi wa wakili iyaka. Babbansu shi ne Muhtasar na Shehu Halilu, malamin Masar da ya rayu a ƙarni na 14. A ciki an nuna cewa mutum ba zai kawo wakili fiye da ɗaya a shari'a guda ba, sai in abokin shari'arsa ya yarda. Ba zai ɗauko maƙiyin abokin shari'arsa ya sa shi wakili ba, don kada neman haƙƙi ya koma ramuwar gayya. Kuma idan wakili ya zauna gaban alƙali kamar sau uku ana fafatawa, ba a sauya shi haka kawai, shi ma ba ya ajiye aikin sai da uzuri. Dalilin a fili yake: kada mai son jan lokaci ya riƙa sauya wakilai har shari'a ta tsufa. Malaman Malikiyya sun ƙara da cewa wakilin da aka sani da gardamar banza da rikita magana, alƙali ya hana shi wakilci a majalisarsa. Wannan shi ne kakan hukuncin da ake yi wa lauya yanzu.

Amma kun ga duk abin a hannun alƙali yake. In alƙalin ne ya lalace fa? Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi ke nan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kuka da wannan a littafinsa Kitabul Farƙi, inda ya lissafa miyagun al'adun sarakunan zamaninsa, har da cin hanci wurin shari'a da fifita mai dukiya a kan talaka. Ƙanensa Malam Abdullahi, wanda ya riƙe Gwandu, ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano wajen shekarar 1806. A ciki ya bayyana wanda ya cancanci alƙalanci da abin da ya wajaba a kansa. Mutanen Dandi da na Kabi sun daɗe suna gwabzawa da Gwandu, kowa ya san wannan. Amma malaman ɓangarorin biyu littattafan fiƙihu ɗaya suke karantawa.

Da Turawa suka zo

Turawa biyu suka raba mu. Faransa ta ɗauki Gaya da Bengu, Ingila ta ɗauki Kamba da Argungu da Gwandu. Sun yi yarjejeniya a 1898, suka gyara ta a 1904 da 1906, sannan aka bi daji ana kafa alamun iyaka. Su biyun sun bambanta a abubuwa da yawa. Amma a abu ɗaya bakinsu ya zo ɗaya: babu mai son lauya ya kusanci talaka.

A wajenmu, dokar 10 ga Nuwamba 1903 ta kafa kotunan 'yan ƙasa a Afirka ta Yamma ta Faransa. Akwai kotun ƙauye, akwai ta lardi, akwai babbar da kumandan ke shugabanta. Lauya ba ya shiga waɗannan kotuna. Ga kuma dokar da ake kira andijena, wadda ta ba kumandan ikon ɗaure mutum har kwana 15, ko ya ci shi tara, ba tare da wata shari'a ba. Lauyoyin da ke akwai 'yan kaɗan ne, suna zaune a manyan biranen bakin teku kamar Dakar, suna yi wa kamfanoni da Turawa aiki. Gwamna Janar ke ba su izini, shi ke iya karɓewa. Wato lauyan da ya ɓata wa gwamnati rai, abincinsa na hannun gwamnati. Baƙar fata na farko da ya zama lauya a ƙasashen Afirka na Faransa shi ne Lamin Gey na Senegal, wanda ya kai matsayin dakta a ilmin doka a 1921. Shi ne kuma ya kawo dokar 1946 wadda ta mai da talakawan mulkin mallaka 'yan ƙasa. A shekarar nan aka binne andijena.

Da yake babu lauya, wa ke tsakanin talaka da kumandan? Tafinta. Shi ke juya magana. In ya so ya ƙara mata gishiri, in ya so ya rage. Wanda ya kai kaza ko rago gidan tafinta da dare, maganarsa takan yi daɗi da safe. Ba duk tafintoci ne haka ba, amma babu wata hukuma da talaka zai kai ƙarar mugun cikinsu, domin ƙarar ma ta bakin tafinta za ta bi. Marubucin nan na Mali, Amadu Hampate Ba, ya fitar da littafi guda a 1973 a kan rayuwar wani irin wannan tafinta mai suna Wangrin.

A wajen Ingila kuwa, Legas ta sami lauyoyi da wuri. Dokar 1876 ta ba Alƙalin Alƙalai ikon rubuta sunan lauya a rajista, da ikon dakatar da shi ko share sunansa in ya yi laifi. Lauya ɗan Najeriya na farko, Sapara Williams, ya gama karatunsa a Landan a 1879. Amma a Arewa ƙofa rufe take. Da Gwamna Lugga ya haɗa Kudu da Arewa a 1914, ya kafa kotunan lardi inda razdan da joji ke shari'a, ya hana lauyoyi shiga. Kotun alƙali da ta sarki ma haka. Turawa suka ce lauyoyi masu hura wutar rigima ne, za su tsotse mutanen ƙauye. Akwai ƙwayar gaskiya a maganar. Amma a ganina babban dalili shi ne lauya mai tambaya ne, Baturen mulki kuwa ba ya son tambaya. Sai a 1933 aka buɗe wa lauyoyi babbar kotu da kotun majistare. Kotunan alƙalai kuwa sun daɗe a rufe, har sai da tsarin mulkin 1979 ya zo, kotuna suka yanke cewa ba a hana mutum kawo lauyansa. Ku duba wannan: ɗan Arewa na farko da ya zama lauya, Abdulganiyu Abdulrazaƙ na Ilori, sai a 1955 ya samu.

A nan ma wani ne ya cike gurbin, wato marubucin wasiƙa mai zama bakin kotu ko bakin gidan waya da teburinsa. Shi ke rubuta wa mutane koke da yarjejeniya. Waɗansu suka riƙa rubuta abin da ba a ce ba, su sa mutum ya dangwala yatsa. Abin ya yi yawa har aka yi doka a 1915 don kare wanda bai iya karatu ba. Dokar ta ce marubucin ya sa sunansa da inda yake zaune a jikin takardar. Sa sunan nan kuwa shaida ce cewa ya karanta wa mai ita abin da ke ciki, ya bayyana masa, kafin ya dangwala.

Rajista da alƙalami

Da aka sami mulkin kai a 1960, ƙasashen biyu suka shiga gina nasu tsari. Bari mu fara da Najeriya, domin a can aka yi shari'ar da za mu daɗe a kanta.

A 1962 Najeriya ta yi dokar lauyoyi. A 1963 aka buɗe makarantar horar da lauyoyi a Legas, aka daina dogaro da Landan. A 1975 aka sabunta dokar. Tsarin mai sauƙin ganewa ne. Akwai babbar rajista a Kotun Ƙoli. Wanda sunansa ke ciki shi ne lauya. Wanda sunansa ba ya ciki, ko ya haɗiye littattafan doka duka, ba shi da ikon tsaya wa kowa. Aka kuma kafa kwamitin ladabtar da lauyoyi. In an kawo ƙara, kwamiti ya saurara, laifi ya tabbata, hukunci iri uku ne. Ko a ja wa lauya kunne. Ko a dakatar da shi na wani lokaci. Ko a ɗauki alƙalami a share sunansa daga rajista. Wannan na ƙarshe shi ne mutuwar sana'a. Kamar a ce wa maƙeri daga yau kada ya sake hura wuta.

Tsari ya yi kyau a takarda. Amma akwai tsutsa a cikin goron. Dokar 1975 ta sa Antoni Janar na ƙasa, wato babban lauyan gwamnati kuma ministan shari'a, ya zama shugaban kwamitin. Shekara da shekaru ba wanda ya ɗaga murya. Sai da aka taɓo wani mutum wanda ba a taɓa shi ya yi shiru.

Shari'ar Gani

Gani Fawehinmi Bayarabe ne, Musulmi, an haife shi a Ondo a 1938. Ya yi karatun doka a Landan da wahala, domin mahaifinsa ya rasu yana tsakiyar karatu, sai da ya yi aikin ƙarfi ya ci da kansa. Da ya dawo gida ya zama lauyan marasa galihu: ma'aikata, ɗalibai, 'yan jarida. Gwamnatoci daban-daban sun sha tsare shi. Manyan lauyoyi da yawa ba sa ƙaunarsa, suna ganin ya cika surutu da son a san shi.

A watan Maris na 1981 wata talla ta fito a mujallar West Africa da ake bugawa a Landan. Tallar wani littafi ce da Gani ya shirya, wanda ya tattara hukunce-hukuncen kotuna a kan tsarin mulki. A cikin tallar aka yabe shi, aka ce shahararren lauya ne, mai suna, mai tayar da ƙura.

Mai karatu zai ce, to mene ne laifi a nan? Ai mai goro ma yana yabon goronsa. Gaskiya ne. Amma lauyoyi sun gaji wata ƙa'ida daga Ingila wadda ta ce lauya ba ɗan tireda ba ne. Ba ya tallar kansa, ba ya farautar masu ƙara. Ƙa'idar tana da hikima. Duk wanda ya taɓa zuwa bakin kotu ya ga 'yan kamasho suna tare mutane, suna cewa "zo in kai ka wurin wanda ya san alƙali", ya san abin da ake gudu. Sai dai tallar littafi a mujalla ta yi nisa da wannan.

A watan Disamba na 1981 ofishin Antoni Janar ya rubuta wa Gani takarda, ya ce ya kawo bayani a kan tallar. Kafin kwanakin da aka ba shi su cika, ofishin ya shirya tuhuma, ya ce ya yi tallar kansa, ya gurfana gaban kwamitin ladabtarwa. Antoni Janar na lokacin shi ne Richard Akinjide. Mutanen Sakkwato sun san sunan nan, domin shi ne lauyan da ya tsaya wa Alhaji Shehu Shagari a shari'ar zaɓen 1979. A watan Janairu na 1982 Gani ya je gaban kwamiti. Wa ya tarar a kujerar shugaba? Akinjide.

Ku tsaya ku auna wannan da mizanin ƙauye. Wani ya ce akuyarka ta ci masa dawa. Ya kai ka ƙara. Ka isa fada, sai ka tarar shi ne zaune bisa buzun alƙali. Ko akuyarka ta ci dawar, ko ba ta ci ba, wannan ba shari'a ba ce.

Gani bai tsaya gardama a kan talla ba. Ya tafi Babbar Kotun Legas ya roƙa a hana kwamitin ci gaba. Hujjarsa sashe na 33 na tsarin mulkin 1979, wanda ya ce kowa na da haƙƙin a saurare shi gaban masu shari'a 'yantattu marasa son kai. Kotu ta ba shi gaskiya. Kwamiti bai haƙura ba, aka yi ta hawa mataki mataki har Kotun Ƙoli. Kafin a kai ƙarshe, Akinjide ya bar kujera, soja kuma suka kifar da gwamnatin Shagari ranar 31 ga Disamba 1983. Amma shari'ar ba ta mutu ba, domin ba a kan mutum ɗaya take ba. A 1985 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci. Ta ce kwamitin da zai iya raba mutum da sana'arsa dole ya bi ƙa'idar adalci kamar kotu. Mai ƙara ba ya zama alƙali a ƙarar da ya kawo. Ba sai an nuna cewa ya yi son kai ba. Ya isa a ce mutum mai hankali, in ya leƙo, zai yi zargin za a yi.

Ku lura, kotu ba ta ce tallar daidai ce ba, ba ta ce laifi ce ba. Ta ce dai ba haka ake yi wa mutum shari'a ba. Wani abin dariya kuma, a shekarar nan ta 1985 Gani ya fara buga hukunce-hukuncen manyan kotuna mako mako, har littattafansa suka zama abin da kowane lauyan Najeriya ke ɗauka zuwa kotu. Hukuncin shari'arsa da kwamitin yana cikin na farko-farko da ya buga.

Ba wannan kaɗai ce karonsa da 'yan'uwansa lauyoyi ba. A 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta kafa kotunan soja don yi wa 'yan siyasa shari'ar dukiyar jama'a. Ƙungiyar lauyoyi ta ce kada ɗanta ko ɗaya ya shiga waɗannan kotuna. Gani ya ƙi bi, ya shiga. Ƙungiya ta rubuta sunansa a littafin waɗanda suka yi abin kunya. A nan kam ra'ayi ya rabu, domin ƙungiyar ma tana da hujja: kotun da soja ke shugabanta ba kotu ba ce sosai. Sai a 2001 aka ba shi babban matsayin da ake ba gwanayen lauyoyi, bayan an daɗe ana tsallake shi. Ya rasu a 2009.

Irin wannan ta faru a wata ƙasa. A Afirka ta Kudu, Nelson Mandela lauya ne, yana da ofis a Johannesburg tare da Oliver Tambo. An same shi da laifin jagorantar bijire wa dokokin wariyar launin fata a 1952. Sai ƙungiyar lauyoyin lardinsa ta nemi a share sunansa. A 1954 kotu ta ƙi, ta ce abin da ya yi bai nuna shi maci amana ba ne a sana'arsa. Sandar da aka sassaƙa don ɓarawo, wani lokaci mai gaskiya ake fara nuna wa.

A Najeriya an gyara dokar a 1994. Aka mai da kwamitin ladabtarwa ƙarƙashin majalisar dattawan lauyoyi da alƙalai, wadda aka kafa tun 1971, aka ɗauke shugabancinsa daga hannun Antoni Janar.

Kada mai karatu ya ɗauka duk wanda aka kai gaban kwamitin nan Gani ne. Ina! Yawancin ƙararrakin na kuɗi ne da na fili: lauya ya karɓo kuɗin wanda yake yi wa aiki ya riƙe, ko ya sayar da filin da aka ba shi amana, ko ya ƙirƙiro takardar ƙarya. Ga misali ɗaya da ya shiga littattafai. Wani lauya mai suna Charles Okike ya karɓo wa wani kamfanin ƙasar Japan kuɗi bai miƙa ba. Kwamiti ya share sunansa, ya ce ya mayar da kuɗin. Ya ɗaukaka ƙara, a 2005 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin. Kamfanin yana da ƙarfin bin haƙƙinsa daga wata uwa duniya. Tambayar da ke damuna ita ce, manoma nawa aka yi wa haka suka koma gida suka ce Allah ya isa?

A wajenmu

Nijar ta bi hanyar Faransa. A wannan tsari lauyoyi ke kula da junansu. Suna da ƙungiya, suna da majalisa da suke zaɓa, suna da shugaba da ake kira batoniye. Kalmar daga "sanda" ta fito a Faransanci, domin a da can shugaban lauyoyin Paris shi ke riƙe sandar tutar ƙungiyarsu ranar biki. Wato mai sanda. Sunan ya dace da aikin.

Bayan mulkin kai lauyoyi kaɗan ne ƙwarai a ƙasar, kusan duk a Yamai. Dokar 8 ga Yuni 2004 ta tsara sana'ar. A 2014 kuma ƙasashe takwas masu amfani da kuɗin sefa, wato Nijar, Benin, Burkina Faso, Mali, Senegal, Togo, Kodebuwa da Gini Bisau, suka yi wa lauyoyinsu ƙa'ida ɗaya. Wannan ya shafe mu mu na bakin iyaka, domin ƙa'idar ta ba lauyan Yamai damar tsaya wa mutum a kotun Benin, ta ba na Kwatano damar zuwa Dosso.

A ƙa'idar nan hukunci hawa huɗu ne: gargaɗi, tsawatarwa, dakatarwa na wani lokaci, sai kora daga sana'a. Majalisar lauyoyi ke zama ta saurari ƙarar. Lauyan da ake tuhuma yana da haƙƙin a sanar da shi, ya kare kansa, ya ɗaukaka ƙara in bai yarda ba. Ƙa'idar ta kuma toshe babbar kafar ɓarna. Kuɗin da lauya ya karɓo wa mutum, kamar diyya ko bashi, ba ya zuba su aljihunsa ko asusunsa. Akwai asusu na musamman na ƙungiyar lauyoyi, wanda ake kira Karpa, ta nan kuɗin ke bi kafin su isa hannun mai su. In kuma gardamar a kan ladan aiki ce, ka ga an tsawwala maka, batoniye ake fara kai wa. Talakan da ba shi da abin biya ma an tuna da shi: a 2011 an yi dokar kafa hukumar taimakon shari'a, don samar wa marasa ƙarfi da yara shawara da lauya.

Abu ɗaya dai sai a rarrabe. Faɗuwa a shari'a ba laifin lauya ba ne. Likita ma yakan yi iya ƙoƙarinsa mara lafiya ya cika. Lauyan da ya ce maka tun farko "wannan magana ba ka da gaskiya a cikinta", ya fi wanda ya ce "ka kwanta ka yi barci, alƙalin nawa ne". Na biyun nan shi ne abin tsoro, kuma furucin nan kansa laifi ne a sana'arsu. Laifin da ake hukuntawa shi ne cin amana: riƙe kuɗi, tona asirin wanda ake yi wa aiki, yi wa ɓangarori biyu aiki a shari'a ɗaya, karɓar lada a ƙi zuwa, neman kuɗi da sunan za a kai wa alƙali. Danne kuɗin mutum kuwa bai tsaya ga ladabtarwa ba, laifi ne da mai gabatar da ƙara na gwamnati ke iya kamawa.

Akwai kuma waɗanda ba lauyoyi ba ne sam, jikokin tafinta da marubucin wasiƙa, masu jaka da kwat a bakin kotu. Waɗannan batoniye ba shi da sunansu a rajista, balle ya share. Kafin ka ba kowa ko dala, ka nemi ganin katinsa na aiki, ka tambayi magatakardan kotu ko an san shi.

Majalisar lauyoyi da takarda take aiki, ba da rantsuwa ba. Saboda haka duk abin da ka biya ka karɓi rasit mai kwanan wata da sa hannu, ka karanta shi kafin ka tashi, ko ka sa ɗanka ya karanta maka. In abu ya ɓaci a wannan ɓangare, batoniye a Yamai ake rubuta wa. In a Najeriya ne, reshen ƙungiyar lauyoyi na Birnin Kabi, ko kwamitin ladabtarwa a Abuja. Wasiƙar ta ƙunshi sunanka da garinku, sunan lauyan, kotun da aka yi shari'ar, abin da ka biya da ranar da ka biya, da abin da ya yi maka. Ka haɗa da hoton rasit da na sauran takardu. Na asalin su zauna cikin akwatinka a gida.